Aron Bindiga

Bakin bindigar na saitin gilashin motar, direban kuma ya ɗaga hannuwansa har yatsunsa na taɓa rufi, lokacin da ƙofar gidan da ke kallon na Mai Kemis ta yi ƙara. Mai Kemis, da ke riƙe da bindigar, bai waiwaya ba. Gumi ya jiƙa masa riga, tambaya ɗaya yake ta nanatawa: uban me mutumin nan yake jira a ƙofar gidansa bayan yarinya ta sauka? 'Yarsa na tsaye a bakin get da farar rigarta ta ɗaliban jinya, jakarta ta zube a ƙasa, tana kiran "Abba". Rana ba ta ma faɗi ba. Yaran layi da ke buga ƙwallo tuni kowa ya yi ta kansa.

Sai ga Baba Sannu yana tsallako titi. Ba takalmi, daga shi sai singileti da tsohon wando, ƙafafunsa sun kumbura suntum, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Mutumin da ya yi makonni ko ƙofar ɗaki ba ya zuwa sai an riƙe shi. Yadda yake tuƙi haka ya taho, ba gaggawa, har ya iso ya jingina bayansa da ƙofar direban, ƙirjinsa na fuskantar bakin bindiga.

"Mai Kemis, sannu da aiki," in ji shi, yana haki. "Wannan ai baƙona ne. Ni na aiko shi."

A layin nan ba wanda bai san tsoron Mai Kemis ba. Tun shekarar da ɓarayi suka haura masa katanga, bayan rasuwar matarsa, ya je ya yi cuku-cuku ya samo lasisi, ya sayi bindiga mai baki biyu ya ajiye a bayan wadirob. Ya ƙara tsawon katanga, ya sa waya mai ƙaya, ya sa kyamara. 'Yar tasa tilo ce, sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwata. To Uwata ta girma kamar ƙwai a cokali. Ba ta zuwa sayen kati ita kaɗai, ba ta kwana gidan ƙawa, wayarta kuwa duk inda ta shiga yana kallonta a tasa, yana awon magani yana leƙe. Da ta samu makarantar jinya, sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda, bisa sharaɗin mutum ɗaya ne a duniya zai riƙa kai ta yana ɗauko ta.

Mutumin shi ne Baba Sannu. Tsohon direban tasi ne, da zamani ya juya ya koyi aiki da manhajar waya, yana latsa ta da ɗan yatsa ɗaya kamar mai kashe kiyashi. Sunan ya samo asali ne daga tuƙinsa, don har masu keke suna wuce shi suna yi masa dariya, shi kuma ya ɗaga musu hannu ya ce su gaida na gaba. Rabin direbobin manhaja na wannan yanki a hannunsa suka koyi sitiyari, kuma duk wanda ya koya wa sai ya ɗora masa doka guda: in ka sauke mace, ko tsoho, ko mara lafiya, ba ka tayar da mota sai ka ga ƙofa ta rufe a bayansa. Ko da manhajar na ta ihun sabon fasinja, ka bar ta ta yi. Wannan doka ce ta kusa jawo a harbe Dogo, direban da ke cikin motar nan.

Da ciwon zuciya ya kwantar da Baba, shi ne ya kira Dogo, magidanci mai 'ya'ya uku da ya yarda da shi, ya damƙa masa Uwata. Ita ta roƙi Baba kada a gaya wa Abbanta an canja direba, don ta san ranar da ya ji, ranar karatu ya ƙare. Da safe Mai Kemis yakan riga ta fita, da yamma takan riga shi dawowa, a wayarsa kuwa hanyar da aka saba yake gani. Sai wata rana ya duba kyamara, ya ga baƙuwar mota tana sauke ta, kuma motar ba ta tafiya. Washegari haka, jibi haka. Bai tambayi kowa ba. Mai tsoro ai ba ya tambaya. Ya rufe kemis da la'asar, ya zo ya laɓe a bayan get da abarsa.

Da Baba ya gama bayani cikin numfashi sama-sama, Mai Kemis ya sauke bakin bindigar yana kallon ƙasa. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Baba bai yi masa faɗa ba. Hannu kawai ya miƙa.

"Ara mini ita. Ɓeraye sun dame mu a ɗaki."

Mai Kemis ya buɗe bindigar, ya zare harsasan, ya miƙa masa duka. Baba ya mai da ita sanda, ya dogara ya juya, amma bai kai tsakiyar titi ba gwiwoyinsa suka saki. Dogo ne ya fito ya sungume shi ya shigar da shi gida.

Daga ranar Uwata ta tattara kayanta ta koma gidan Baba. Ta ce jinya za ta taya Goggo, matar Baba, wadda ita ma ƙafa ta dame ta. Amma a zaure, da Abbanta ya tare ta, ta faɗa masa gaskiya ba tare da ta ɗaga murya ba: ba za ta sake kwana a gidansa ba muddin bindigar nan za ta koma can. Bai taɓa jin ta yi masa musu ba sai ranar. Ya koma gidansa mai doguwar katanga, ya kulle get, ya zauna a falo shi kaɗai yana kallon kyamarar da ke nuna masa titi wayam. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don gani yake duk abin da ya yi, dominta ya yi.

Kullum da safe yakan tsallaka da ledar magani. Ɗakin Baba ɗan ƙarami ne, gadon ƙarfe, fanka mai kuka, makullin mota rataye a ƙusa, warin man zafi ya cika ko'ina. An tara masa matasai a baya don ba ya iya kwanciya miƙe. Likita ya ce fitar nan ta rannan ba ta yi wa zuciyar daɗi ba, kuma Mai Kemis ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Da ya fara neman gafara, Baba ya katse shi, ya ce dama ya gaji da kallon silin, ya gode da aka ba shi dalilin shan iska. Da ya ɗan lallaɓa ya tambayi bindigar, sai Baba ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa, ya ce tana nan lafiya, ɓerayen ma sun fara ladabi, sai ya tashi zai mayar masa da hannunsa.

Wata safiya da jikin ya ɗan yi dama-dama, Baba ya ja shi da hira kan sana'a. Ya ce mutane na ganin direba ne abin tsoro, alhali direba ne ke fita da ransa a hannu. Ya lissafa masa yaransa da aka kira zuwa lungu aka ƙwace mota, da wanda aka shaƙe da igiya daga kujerar baya, da wanda maigida ya sakar wa kare don ya tsaya a ƙofar da ba ita ba.

"Kai in ka kira mota, ka ga hotonsa, ka ga lambarsa, ka san sunansa," ya ce. "Shi fa? Bai san wa zai zauna a bayan ƙeyarsa ba. Haka yake buɗe ƙofa ya ce bismillah."

Mai Kemis ya ce shi dai 'yarsa yake karewa, ita kaɗai ta rage masa. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Uwata ta shigo da sauri, ta sa kafaɗa ta ɗago shi, ta gyara matasan, ta goge masa baki, ta duba bugun hannunsa tana kallon agogo, duk ba ta ko kalli Abbanta ba. Da ta fita Baba ya bi ta da ido.

"Yarinyar da kake tsoron ta tsallaka titi, ita ke juya ƙato kamata a gado. Ka yi tarbiyya, Mai Kemis. Saura ka yarda ka gama."

A ransa Mai Kemis ya ce tsoho ya faɗi son ransa, tunda shi Allah bai ba shi haihuwa ba, ina zai san zafin ɗa. Daga baya tunanin nan ya riƙa ba shi kunya.

Baba ya cika da hantsi, ranar da aka tashi da yayyafi. Mai Kemis na ɗakin. Da numfashin ya fara sarƙewa, shi da ya shekara da shekaru yana sayar da magani sai ya rikice, ya zazzage leda a ƙasa yana laluben abin da bai sani ba, yana cewa a kira mota, a kira likita. Uwata ce ta riƙe masa hannu ta ce, "Abba, bari. Zo ka riƙe kansa." Ya zauna a bakin gado ya tallafi kan tsohon, ita kuma ta durƙusa tana yi masa kalmar shahada a kunne, a nutse, har ya bi ta. Ita ta shafe masa ido. Ita ta fita ta rungume Goggo. Shi kuwa yana zaune yana kuka kamar yaro, ba ya ma ɓoyewa.

Kafin azahar layin ya cika da motoci, daga bakin kwalbati har gaban shagon mai walda. Direbobi ne, manya da matasa, kowa ya kashe manhajarsa ya kife wayar a gaban mota. Mai Kemis bai taɓa sanin tsohon da ake yi wa dariya a titi yana da jama'a haka ba. Bayan an dawo daga maƙabarta suka zazzauna a kan tabarmi, wannan ya ce Baba ne ya tsaya masa aka ba shi mota, wancan ya ce Baba ne ya zo har caji ofis ya fito da shi. Dogo na can gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Tun ranar bindiga bai sake shigowa layin ba sai yau, wani abokin aikinsa ya riƙa turowa ya kai Uwata.

Da aka kwana biyu, Goggo ta aika a kira Mai Kemis. Ta ce ya taimaka ya ɗauke ajiyarsa, ita tsoron share ƙarƙashin gadon take yi. Ya durƙusa ya jawo ta. Baba ya naɗe ta a tsohon bargon da yake shimfiɗawa a kujerar baya, ya ɗaure da igiya, harsasan kuma suna cikin safa. Mai Kemis ya rungumo ta ya fito. Uwata na tsakar gida tana wanke kofunan baƙi. Ta ga abin da ke hannunsa, ta tsaya da wankin, kumfa na zuba daga yatsunta.

A ƙofar gida ya tsaya. Get ɗinsa na can tsallaken titi, taku kaɗan ne. Masu zaman makoki suka zuba masa ido, don kowa ya gane abin da ke cikin bargon. Ya daɗe a tsaye kafin ya juya ya bi gefen tabarmi, har inda Dogo yake zaune. Ya rage tsawo a gabansa, shi da ya girme shi nesa ba kusa ba, ya ce yana so a kai shi hedikwatar 'yan sanda zai mayar musu da kayansu da lasisinsu, kuma in Dogo ya ƙi, ba zai ga laifinsa ba.

Dogo ya kalli bargon, ya kalli Mai Kemis. Idanunsa sun yi ja.

"Har yau in na rufe ido ina ganin bakinta," ya ce. "Zan kai ka saboda Baba. Amma ita a but za ta zauna. Kai kuma ba baya ba, gaba, inda zan riƙa ganin hannunka."

Mai Kemis ya ce to. Da kansa ya sa ta a but ya rufe. Uwata ta fito bakin ƙofa, hannunta jiƙe, tana kallonsa ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ya shiga. Ya ja bel ya ɗaura, sannan ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwoyinsa, tafukan a buɗe suna kallon sama. Dogo ya tayar da mota, suka bi ta tsakanin motocin da ke jere, a hankali.