Huji Biyu a Bayan Amfilifayar Asama'u

Asama'u zabiya ba ta taɓa hana surukinta aron amfilifaya ba. To da wane baki za ta hana? Sada mijin ɗiyarta ta fari ne, ko sunanshi ba ta faɗi. In ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ita kuma ta kawar da kai ta amsa wa bango. Shi jita yake kaɗawa a bikin samari, ita ko amada take yi tun ƙuruciya, ita da matan da ke buga mata ƙwarya. In yana da wasa sai ya aiko matarshi Maijidda ta ɗauka, in ya gama a maido.

Amfilifayar nan kuwa ita ce maƙogwaron Asama'u. Muryarta ta daɗe da tsagewa, duk Batsari an sani, ba dai mai faɗi. Amma in ta kama makirfo, injin ya ɗauki ɗan abin da ya rage ya ƙara mashi tsoka, sai tsakar gida ta cika, har yanzu ita ce zabiya.

Ran nan Hajiya Talatu ta garin Zakka tana aurar da ɗiya. Sabgar yanzu ai da rana ake yi, ana la'asar kowa ya kama hanya, ba mai son magariba ta riske shi a daji. Aka sauke kaya daga a-kori-kura, aka kifa ƙore, aka jona batir. Jar fitila ta kama. Asama'u ta hura makirfo, shiru. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, shiru. Ta sa aka juya mata injin, sai ga huji biyu sababbi a bayanshi, kowanne da zoben ƙarfe yana ƙyalli, kamar an yi wa tsohuwa hujin hanci tana barci.

Mata sun cika gida, an ci ado, ba halin a ce a dawo gobe. Ta ɗauki waƙa da baki tsura. Ta fari ta fita da ƙyar. A ta biyu, tana jero kakannin Hajiya Talatu, daidai sunan kakan da aka fi ji da shi, murya ta ƙwace. Sai iska.

Nazifa, 'yar amshinta, wadda ita ta koya mata riƙon ɗan sandan kiɗa, ta cafe waƙar. Cafewa ba laifi ba ne, aikinta ke nan. Laifin, ba ta maido ba. Ta zarce ta uku, ta zarce ta huɗu, mata na guɗa suna juyi, ba wadda ta waiwayo. Can Hajiya Talatu ta aiko wa Asama'u da tabarma da kofin kunu, wai Inna ta koma inuwa ta huta. Da marinta aka yi da ya fi mata sauƙi. A mota kuma, suna komowa, ta ji da kunnenta mutanen Yasore, waɗanda tuni suka kawo mata goron biki, sun karɓi lambar wayar Nazifa.

Da uwar ta tsare ta da tambaya kan hujin, Maijidda ba ta yi wuyar matsa ba. Ta ce maigidanta ya kai injin Safana, wurin Lado mai gyaran rediyo. Da safe Asama'u ta hau babur, amfilifaya bisa cinya, ko karin kumallo ba ta tsaya yi ba. Ta dire ta a teburin Lado, cikin tarkacen rediyo da warin dalma. Gaisuwar da ta yi mashi ko rabi ba ta kai ba. Ba ta gama zama ba sai ga Sada, labari ya kai mashi, da jaka a kafaɗa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin shago.

Lado ya yi ta bayani yana susar ƙeya. Wai Sada ya sayo ɗan akwati da ake ce ma eko, mai sa sauti ya maimaita kanshi. In an jona shi ta gaba, inda jita ke shiga, sai sautin ya dagule ya yi gudaji. Shi ya sa ya buɗe cikin injin, ya yanke hanya tsakanin inda ake gyara murya da inda ake ba ta ƙarfi, ya fito da bakin biyu ta baya. Murya ta fita ta wannan huji, ta ratsa akwatin, ta komo ta wancan. In ba akwati, ta fita ke nan ba komowa. Akwai irin soket ɗin da ke rufe hanyar da kanshi, amma sai Katsina, shi bai samu ba. Don haka ya ba Sada 'yar guntuwar waya, ya ce duk sanda ya zare akwatin ya haɗa hujin biyu da ita.

Sada ya sa hannu a aljihu. Ga waya.

Asama'u ba ta dube shi ba. Lado ta sa a gaba.

"Lado, in ka ga mai aljihun nan, ka tambaye shi, ɗiya na ba shi ko inji? Ɗiyar ya huda ta in ya ga dama, tashi ce. Wannan da guminta na saya, ba gadon ubanshi ba ne."

Lado ya juya ya ce, "To, ka dai ji."

"Ka ba Inna haƙuri," in ji Sada, kai a ƙasa. "Mantuwa ce."

"Ka ce mashi bai manta ya huda ba. Ka ce mashi jiya a Zakka tabarma aka shimfiɗa mani a inuwa, ni, kamar akuyar da ta gama haihuwa. Kai kuma da ke wage baki, in aka kawo maka kan uwarka aka ce huda, hudawa za ka yi?"

Masu shagunan kusa sun fara leƙowa. Ta ce a toshe hujin nan yanzu, a maida mata injinta yadda yake. Lado ya ce zai toshe, amma ta bari ya nuna mata ba abin da ya mutu, kada ta tafi da shi a baki. Ya karɓi akwatin daga jakar Sada, ya jona nan, ya jona can, ya miƙa mata makirfo.

Ta fizge. Da niyyar ta kunyata su ta ɗauko waƙar jiya, daidai inda ta karye. Murya ta fita da tsagarta, amma kafin ta faɗi sai wata ta biyo bayanta, tata ce dai, ta tallabe ta, wata ma ta biyo ƙasa-ƙasa. Tsagar ta cike. Asama'u ta tsaya. Ta sake, ta ja sunan kakan nan har ƙarshe. Mai tsire na tsallaken hanya ya bar fifita wuta.

Fuskarta ba ta saki ba ko kaɗan. Ta aje makirfo ta gyara mayafi.

"Bar hujin," ta ce. "Lado, tambaye shi, wanda ya gina rumbu a gonar wani ba da izini ba, rumbun na wa?"

Sada ya ɗago, ya buɗe baki. Yana da wasa a Runka rana ɗaya da bikin Yasore, kuma don akwatin nan aka kira shi. Ya dubi Lado, Lado ya dubi rufi. Ina mutum zai ja da uwar matarshi, a durƙushe, gaban 'yan kasuwa? Ya maida kai ƙasa ya ce Allah Ya huci zuciyar Inna.

Ba ta huce ba. Tana tsaye ta sa Lado ya ɗaure akwatin a jikin injin da kusoshi, ta girgiza da hannunta ta ji ba ya motsi. Guntuwar wayar ta ce a bar wa mai aljihu, tunda yana son ta.

Ran bikin Yasore ta riga kowa sauka daga mota. Uwar biki ta fara kame-kame, wai sun ji Inna ba ta jin daɗi, ko yarinyar nan Nazifa ta ɗan taɓa. Asama'u ta ce a jona batir. Ta nuna wa Nazifa ƙwaryar can ta ƙarshe, kusa da murhu, ta kama makirfo. Da waƙa ta hau sama, inda kowa ya san muryar ke karyewa, Nazifa ta ja numfashi ta buɗe baki za ta cafe. Ta tarar akwati ya riga ta. Ta rufe bakinta ta ci gaba da bugun ƙwarya.