Taswira a Bayan Malam Lauwali

Safina ta iso Bahindi da hantsi, majigi ɗaure a bayan babur, batir a tsakanin ƙafafunta. Malamar gona ce a Bagudo, amma a Bahindi aka yanke mata cibi, don haka duk tsohuwar da ta gamu da ita sai ta tsayar da ita ta ce mata ta rame.

Labarin da ta ɗauko ba mai daɗi ba ne. An yi ta tafka ruwa a hayin Benin, masu auna Kwara kuma sun yi hasashen nan da kwana takwas kogin zai haye fadama. Shinkafa kuwa tana neman mako biyu kafin ta gama nuna. Wanda ya yanka yanzu zai yi asara kaɗan, wanda ya jira ruwa zai girbe masa. Safina ta san mutanenta sarai: ba mai sa lauje a gona sai Malam Lauwali ya sa, don ya fi kowa sanin halin kogin. Malam Lauwali kuwa mahaifinta ne, kuma abincin gidansu na shekara duk yana cikin fadamar nan.

Sau uku tana gaya masa ta waya. Amsarsa ɗaya ce: shekara hamsin yana noma a bakin Kwara, bai taɓa jin ruwa ya aiko da wasiƙa ba. Ba ta karaya ba, don taurin kan da yake taƙama da shi ai a wurinsa ta gada. Ta ce gani ya kori ji, za ta kawo masa ambaliyar har gida ya gan ta da idonsa.

Aka taru a zauren mai gari, aka rataya tabarma a ƙofa don a sami duhu. Sai da ta kwance kaya ta tuna farin ƙyallen da take haskawa a kai yana can Bagudo. Ta ce ba komai, ta juya majigin ga bango.

Nan fa aka sami matsala. A taswirar fadamar da ta haska, gonakin da ruwa zai ci an shafe su da ja, waɗanda za su tsira an bar su fari. Bangon zauren kuwa yaɓen jar ƙasa ne. Jan ya nutse cikin ja, farin ma ya koma ja, ba abin da ya fito sai layin kogi ya yi baƙi-baƙi.

Ango, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Malam Lauwali, ya miƙa wuya. "Malama, ina ambaliyat take? Ni dai bango nika gani, kuma na san wanda yay yaɓe shi."

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama Safina, amma ta ci gaba da bayani, tana nuna wuraren da ita kaɗai ta san akwai wani abu a cikinsu.

Can sai Malam Lauwali ya miƙe. Farar babbar rigarsa ta Juma'a ya sa, ko da yake ranar Talata ce, don bai yarda da injin ba amma taron 'yarsa ne. "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma shinkahwa ba ta nuna ba, ni kau ba ni yanka ɗanya."

Ya taka zuwa gindin bango inda mai gari ke zaune, ya ɗan rusuna zai yi sallama. Hasken majigin ya sauka a gadon bayansa. Sai ga kogi shuɗi shar ya ratso daga kafaɗa zuwa ƙugu, ga ja jawur ya malale gefe da gefe.

"Baba, tsaya nan! Kada ka motsa!"

Ba a taɓa jin ɗiya ta daka wa ubanta tsawa a gaban mai gari ba. Sai ta sassauta murya. "Don Allah, Baba."

Ya tsaya, don mamaki ma bai bar shi ya motsa ba. Mutane suka taso suka kewaye shi. Ango ya sa yatsa a ƙasan kafaɗar tsohon. "Ga kwanar kogi. Wagga tawa ta. Innalillahi, duk ta yi ja!" Wani ya gano tasa wajen haƙarƙari, wani wajen ƙugu. Masu dariya ɗazu suka koma tambayar Safina ina za a sami masu yanka.

Malam Lauwali kaɗai ne ba ya gani. Ya karkata wuya dama, ya karkata hagu, taswirar na ta rawa, ana ce masa ya tsaya cak. "Mi kuka gani bayana?" Ba wanda ya kula shi, kowa na neman gonarsa.

Da abin ya ishe shi, sai ya kama rigar ya tuɓe ta, dattijo guda ya tsaya daga shi sai 'yar shara. Ya miƙa wa Ango hannun rigar ɗaya, wani ya riƙe ɗayan, suka baza ta. Ya matso, ya bi kogin da yatsa a hankali har ya kai kwarin da gonarsa take. Sannan ya ɗago ya dubi Safina.

"Kwana nawa kika ce?"

"Takwas, Baba."

"Shidda," ya ce. "Tawa tana kwari, ita ruwa ka hwara gaisarwa. Injinki bai san wanga ba." Ya juya ga jama'a. "Gobe da sahe kowa shi hito da lauje. Mu hwara da gonakin kwari, mu bi su har tudu."

Nan da nan zaure ya watse, kowa ya nufi maƙera. Safina ta durƙusa tana naɗe waya. Mahaifinta ya mayar da rigarsa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya bai waiwayo ba.

"In kin ƙare, ki biyo gida. Laujen uwakki na nan rataye. Tun da tar rasu ban bari kowa ya taɓa shi ba."

Safina ta ce to, ta sunkuyar da kai don kada Ango ya ga hawayenta.