Lamba Arba'in da Bakwai

Gudumar katako. Tocila. Tef ɗin awo. Siririn ƙarfe mai tsini na caka itace. Hular kwano biyu. Littafin fom da hatimin hukuma. Injin zarto, wanda Yaya ya ce ya jefa shi a baya ne don kada motar ta riƙa tsalle. Igiya ba mu ɗauko ba.

Sai da muka haye gada muka shiga layin masu walda sannan Yaya ya buɗe baki.

"To likitar itace, yau wa za a yi wa allura?"

"Arba'in da bakwai."

"Na sani. So nake in ji ko bakinki zai iya faɗa."

Wata takwas ke nan da dawowata. An tura ni karatu nesa ina da shekara bakwai, ban dawo zama ba sai bayan rasuwar Baba. A can na koyi sana'ar gidanmu a hannun baƙi, na dawo da takardu, hukumar gari ta ɗauke ni mai duba itatuwa. Yaya bai je ko'ina ba. Shi ya gaji shagon Baba da injinansa, kuma a garin nan shi kaɗai ya rage mai lasisin hawa bishiya da zarto, sai ni.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Duk bishiyar da aka kafa wa ƙaramin faifan ƙarfe mai lamba, ba a yanke mata reshen da ya kai kaurin hannu sai da takarda mai sa hannun mai duba. Arba'in da bakwai tana tsakiyar wata makarantar firamare. Baba ne ya yi shekara biyu yana safa da marwa zuwa ofis har aka kafa mata lamba. Mutane suka ce son itace ne. Amma tun kafin nan, daga kanta Kawu, ƙanin Inna, ya faɗo ya rasu, Baba na ƙasa riƙe da igiyarsa. A gida abin da aka ce shi ne igiya ta tsinke, kuma ba a ƙara ko kalma ba.

Shugabar makarantar tana jiranmu a bakin ƙofa. Hutu ake yi, harabar shiru. Ta kai mu ta nuna mana reshen da ya faɗo ranar Talata, ba ruwa ba iska. Ya fasa rumfar da suke ajiye injin yankan ciyawa, ya lotsa injin kamar gwangwani.

"Nan 'yan aji ɗaya ke yin layi," in ji ta. "Saura kwana tara su dawo. Na rubuta wa ofis sau uku, aka ce doka ta hana. Ni dai ban ga dokar da za ta tare reshe ba."

Na saka hular kwano na zagaya gindin. Mutum huɗu ba za su rungume shi ba. Ganye kore shar a sama, irin wanda ke yaudarar mai wucewa. A ƙasa kuwa, tsakanin saiwoyi, naman kaza mai tauri ya fito jere kamar kunnuwa. Na caka ƙarfen a wurin, ya shige har mariƙi ban sa ƙarfi ba.

A gefen gabas, daidai tsayin kaina, akwai facin siminti mai faɗin ƙofar ɗaki. Nan babban reshen da Kawu ke yankewa ya yage, ya ɓaro jikin bishiyar har ƙasa-ƙasa, ya bar rami. Baba ya cika ramin da duwatsu ya shafe da siminti, kamar yadda masu aikin zamaninsa ke yi, wai kada ruwa ya shiga. Kowace shekara yakan zo ya liƙe tsagar. A shekarata ta farko a makarantar koyon aiki aka nuna mana hoton irin wannan faci, aka ce ku duba yadda ake kashe bishiya da gyara. Siminti ba ya hana ruwa shiga. Fita yake hana shi.

A kusurwar facin akwai tafin hannu, an danna shi tun simintin na ɗanye. Ban ɗora nawa a kai ba.

Na fara bugun gindin da guduma, ina zagayawa taku-taku. Lafiyayyen itace amsawa yake tas, a taƙaice. Wannan kuwa kamar ganga. Na iso gefen facin na buga sau uku a jere, na tsaya in rubuta.

Daga ciki aka buga sau uku.

Ba da ƙarfi ba. A hankali, da tazara daidai, can sama da kaina.

Maigadin makarantar, wani dattijo da ke tsaye da mabuɗai a hannu, ya ja da baya taku ɗaya. "Haka take yi," ya ce. "Da safe, in zan share wajen. Ni na daina jingina tsintsiya a jikinta."

Na juya wajen Yaya. Yana kallon takalminsa. Shi da ni mun san abin da bugu uku ke nufi a aikin gidanmu. Mai hawa ne ke buga jikin bishiya da ƙeyar gatari ya gaya wa na ƙasa, riƙe da kyau, zan yanka.

"Dutse ne ya saki daga simintin yana gangarawa cikin kogo," na ce. Haka na rubuta a fom.

Sauran aikin awo ne. Azuzuwa ta gefe uku, wayar lantarki ta na huɗu. Ba inda za a kayar da ita gaba ɗaya. Na auna ƙofar makarantar, mita biyu da ɗan kai, ga baranda ta siminti a samanta. Motar ƙugiya ba za ta shiga ba, haka mota mai kwandon ɗaga mutum. Sai dai a hau, a sauke ta gunduwa-gunduwa tun daga ƙoli, kowane reshe a ɗaure shi da igiya, wani a ƙasa ya riƙa sassautawa. In na ƙasa ya yi sakaci, reshen ya dawo kan mai hawa.

"Za ki sa hannu?" in ji shugabar.

"Ki kewaye wajen da igiya, kada kowa ya bi ta ƙarƙashi. Gobe za ki ji daga gare ni."

"Gobe dai," ta ce. "Bakin ofis ɗaya ne."

A mota Yaya bai yi tsokana ba. Maimakon ya sauke ni ofis, sai ya karkata zuwa gida. Shagon na jingine da gidansa, ƙofa ɗaya ta waje, ɗaya ta tsakar gida. Ciki warin fetur da ɗanyen itace. Injinan yankan ciyawa uku a kwance ciki a buɗe, injin niƙa rassa a lulluɓe da tamfol, sarƙoƙin zarto a rataye bisa ƙusoshi, kowace da girmanta, yadda Baba ya jera su.

"In kin buga hatimin nan, ni zan hau," ya ce. "Kin san haka."

"Na sani."

"Na yi wa Baba alkawari ba mai taɓa ta."

"Baba bai ga naman kazan nan ba."

"Ya gani. Shi yake kankare shi da wuƙa duk damina, kada mai duba ya gani."

Ya buɗe kabad ɗin ƙarfe da ke bayan injin niƙa, ya jawo wani buhu, ya zazzage shi a kan teburin aiki. Tsohuwar igiya ce mai kauri, ta yi baƙi, a naɗe tsaf.

"Ke ce mai takarda. Duba min inda ta tsinke."

Na bi ta da yatsu kamar yadda aka koya mini, taƙi-taƙi, ina lanƙwasawa ina jin zaren. Ta ɗauke ni lokaci. Bakinta na farko a ɗaure yake da zare, ɗaurin masana'anta. Na ƙarshe ma haka. Babu ƙulli a tsakiya, babu inda ta ci.

"Kin tuna tafin hannun Baba?" ya ce.

Na tuna. Kanta ce ko'ina, fata ta yi tauri saboda aiki, amma babu tabo. Wanda igiya ta ƙwace wa da nauyin mutum a kanta, fatar hannunsa take tafiya da ita.

"Saki ya yi," na ce.

"Juyawa ya yi. Kawu ya buga uku, ya sa zarto. Sai aka kira Baba daga ƙofa, ya waiga. Kafin ya juyo, igiyar ta bar hannunsa. Saura kwana biyu ya rasu ya gaya min, ya ba ni buhun nan."

"Wa ya kira shi?"

Yaya ya ɗauki fayil ɗin wasa ƙarfe ya fara goga haƙoran wata sarƙa da ba ta buƙatar wasawa.

"Ranar ce kika fara zuwa makarantar nan," ya ce. "An tashe ku da wuri."

Abin da na riƙe na ranar kaɗan ne. Sabon takalmi mai matse ƙafa. Wata takarda da malama ta yi wa tauraro da jan biro, ina ɗaga ta sama ina gudu ina kiran Baba. Na daɗe ina zaton a gida na nuna masa ita. Shekara na zagayowa aka haɗa min akwati. Inna ta ce don ina da ƙwaƙwalwa ne.

"Ya ce kada in gaya miki," in ji Yaya. "Ya kuma ce kada a taɓa bishiyar. Tunda za ki karya ɗaya, na ce bari in karya ɗayar, mu yi kunnen doki."

"Inna ta sani?"

"Inna ce ta naɗe igiyar."

Na zauna a kan jarkar mai. Ba son itace ba ne ya kai Baba ofis shekara biyu. Ya nemi dokar da za ta hana kowa sake hawa, ya samu, sannan ya yi shekara ashirin da biyar yana ruɓar da ita da hannunsa, yara na layi a ƙarƙashi.

Na ciro littafin fom. Yanayin bishiya: ruɓa a gindi, fiye da kashi biyu cikin uku. Haɗari: mai tsanani. Shawara: a cire kariya, a sauke ta cikin kwana bakwai. Na sa hannu, na hura hatimin na danna.

Yaya ya leƙo ya karanta. "Rubutunki kamar na Baba," ya ce. "Sai a duba min sarƙa mai cin ƙarfe. Allah kaɗai ya san abin da ya cusa a ramin nan bayan duwatsu."

"Nawa ne nauyinka?"

"Ina ruwanki?"

"Kilo casa'in?"

"Da biyu. Matata ta iya girki, ba irin na ƙasar da kika fito ba."

"Ni hamsin da takwas. Rassan sama ba za su ɗauke ka ba."

Ya ajiye fayil ɗin. Zai yi magana ke nan, sai muryar autarsa ta taso daga tsakar gida, siririya, tana gudu.

"Baba! Baba, zo ka gani!"

Kansa ya juya tun kafin ta rufe baki. Bai ma san ya yi ba. Da ya juyo ya ga ina kallonsa, sai ya dubi hannayensa.

Daga cikin shagon, ko daga rufin kwano, wani abu ya yi ƙara sau ɗaya. Muka saurara. Ba a ƙara ba.

Na tashi na je ƙofar tsakar gidan. Yarinyar na tahowa da wata takarda a sama. Na ce mata Baba na aiki, ta kai wa mamanta. Na tura ƙofar na sa sakata.

"Ranar Asabar ni zan hau," na ce. "Kai za ka riƙe igiya. Yaran su wuni wajen Inna."