Koriyar Alama a Shafin Gem ɗin Yaya

...wai “a hukumance”. Sau uku ke nan ’yan kamfanin gem suna maimaita min kalmar nan, kamar ni ne ban je makaranta ba. “Ba ma tallafa wa wannan tsari a hukumance.” To uban wa ya manna koriyar alamar nan a shafin shagonku? Aljani?

Yaya, kana ji kuwa? Sun rufe akawun ɗinka na gem, wasan nan naka na kwamfuta. Wai maguɗi. Kai! Kai da ko a ludo in aka ƙara maka gida ɗaya sai ka mayar da hannunka. Sun turo sabon gyara, na kunna da safe don in duba, abin kama ’yan maguɗinsu ya leƙa kwamfutarka, ya ga tsarin da bai sani ba, shi ke nan, ɓarawo ne. Wata bakwai kana ƙasa, yau suka kama ka da sata. Marasa kunya.

Fankar nan ta ishe ni da ƙara. Ina na ajiye sukundireba... me ma zan kwance? Ba abin da ya lalace a nan.

Ƙarfe huɗu matarka za ta zo. Tun rasuwarka ko kallon kwamfutar nan ba ta iya yi, sai jiya ta ce, “Auta, ina son ganin gidan nan da yake ginawa.” Shekara uku kana gina shi a cikin gem, bulo bayan bulo, lambu a baya, taga tana kallon tafki, don ta taɓa cewa tana son gida a bakin ruwa. Ita tana ta faɗa, wai gemu da wasan yara. Ba ka taɓa nuna mata ba — sai an gama, sai an gama... Ni kuma da bakina na ce ta zo kawai, ai aikin minti biyu ne.

Ranar da ka kawo kwamfutar shagon nan a rungume, tsarin da kowa ke amfani da shi ya daina karɓar ta, wai ta tsufa. “In sayi sabuwa?” Na yi dariya. Sabuwa, ina raye? Na ce zan sa maka wani tsarin, Linux, ba ya da ci, zai tashe ta. “Gem ɗina fa?” Na buɗe shagon gem a intanet, na ɗora yatsa a kan koriyar alama. Ka gani? Yana aiki. Ka ce, “Kai ne masani.”

Masani...

Yanzu su ke koya min karatu. A hukumance, wato su da kansu sun gwada, in ya lalace su gyara, in ka yi ihu akwai mai amsawa. In babu, gem zai buɗe, sai dai Allah ya kiyaye hanya. Ranar sayarwa fa? Ranar nan wa ya tambayi hukuma? Hannu biyu suka karɓe mu. Yau kuma ba su san mu ba, sai saƙon na’ura mai ladabin banza. Wallahi da mutum ne a gabana da na shaƙe shi.

Ƙarfe uku da rabi.

Bari in ɗauki hoton alamar in watsa musu a fuska. Ga ta nan, koriya shar. Ga wani ɗan rubutu a ƙasanta, ƙanƙani... “bisa rahoton masu wasa.” Masu wasa? Ba kamfani ba? To su wane ne shashashan da suka...

Mutum goma sha ɗaya ne kawai suka ba da rahoto a lokacin. Na huɗunsu laƙabina ne. “Lafiya lau yake aiki, ba matsala ko ɗaya.” Na tuna ranar. Minti goma na gwada shi, kwastoma ya shigo, na rubuta na rufe. Haka muke yi ai, da an ga hoto ya motsa sai tafi.

Kwamfuta uku ne a kan teburin nan masu wancan tsarin na kowa da kowa. Uku, Yaya. Da a ɗayarsu na buɗe da safe, da yanzu tagar nan tana...

Sallama a ƙofa. Muryarta ce. Ta ma zo da wuri, ita da kullum kake mitar jinkirinta.