Ƙarfen Tokare Ƙofa

Tun da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, Malam ya duƙufa wajen haɗa madubin hangen taurari a gida. Komai ya tafi daidai sai abu guda: bututun ya fi ƙarfin mariƙinsa, da an sake shi sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa faɗa. Dole a rataya nauyi a ɗaya gefen sandar mariƙin kafin ya daidaita.

Idonsa ya faɗa kan ƙarfen nan mai tsatsa da ake tokare ƙofar kicin da shi tun zamanin mahaifinsa. Ya ɗora a sikeli, kilo bakwai cif. Ya ɗaure shi a bayan keke, ya bi hanya mai ramuka har rumfar mai walda.

"Huda shi za ka yi a tsakiya, sanda ta shige," in ji Malam, ya dire shi kan tebur.

Mai walda, wanda ya taɓa aikin soja, ya goge tsatsar da babban yatsa. Sai ya janye hannu a hankali, ya kashe inji.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Gado ne. Lafiya?"

"Harsashin igwa ne, kuma bai tashi ba. Kar ka ƙara taɓa shi. Mu fita."

A tsallaken titi Malam ya zauna daɓas a bakin kwata. Jikokinsa yake gani a ransa suna mirgina abin a tsakar gida suna dariya. 'Yan sanda suka rufe layin, masu kwance bam suka kwantar da shi cikin akwatin yashi suka tafi. Bayan la'asar aka ji ƙara daga bayan gari, tagogi suka girgiza.

Da ya faɗa wa matarsa, sai ta juya ta dubi ƙofar kicin.

"Shekara talatin a kansa nake fasa ƙashi," ta ce. "Da guduma, Malam."

"Na sani."

"Kai kuma ka goya shi a keke."



Sai da aka kwana tara kafin ya iya komawa kan aikin. Ya samo gwangwanin fenti biyu da za su zama nauyin, ya tsayar da guntun bututu a tsakiyar kowanne, ya cika da siminti. Tsakuwar da ya zuba a ciki ma, ɗaya bayan ɗaya ya duba ta.