Awon Fuskar Yaya

Duk kan dodon da Gwani ya ɗinka, sai daraktan fim ya ɗaga shi da yatsu biyu ya taɓe baki. Mai ƙaho, ya ce rago ne. Mai haƙora zaƙo-zaƙo, ya ce ko goyo ba zai fasa shan nono ba don ya gan shi. Shi kuwa Gwani baduku ne mai ji da kansa, irin mutanen nan da in ka kushe musu ɗinki kamar ka zagi iyayensu. Jaka da takalmi sun gundure shi. Tun da aka ce za a rubuta sunansa a ƙarshen fim kansa ya kumbura.

Ran nan darakta ya zo shagon da kansa. Yana tsaye yana sababi, sai iska ta ɗaga labulen ɗakin baya. A nan Yaya yake wuni a kan keken ɗinki, wan Gwani, uwa ɗaya uba ɗaya. Zafi ya sa ya sauke mayafin da yake naɗe fuskarsa da shi.

Shekarun baya galan ɗin gam ya kama wuta a shagon, Yaya ya koma ciki ya jawo keken da suke ci da shi. Keke ya fito lafiya. Shi kuma wuta ta cinye masa rabin fuska: leɓe ya ɗage har kunci, fatar ido ta zazzago, kunne ya zama ɗan dunƙule. Tun daga asibiti bai sake duba madubi ba, matarsa ma ta kwashe na gidan. Kowa cewa yake, "Ai ya warke, ɗan tabo ne." Ya san ƙarya suke, don in suna masa magana kafaɗarsa suke kallo, amma bai san girman ƙaryar ba.

Mutum ɗaya ce take kallonsa ido cikin ido, wato Auta, 'yarsa da aka haifa bayan gobarar. Ita ba ta san masa wata fuska ba. Ta ɗare cinyarsa, ta ja dunƙulen kunnen, ta sumbaci tabon, ta yi barci a nan. Abin da ya rage wa Yaya a duniya ke nan.

Da darakta ya hango fuskar, sai ya ja Gwani waje.

"Wancan. Shi nake so, kada ka ƙara masa komai."

"Yallaɓai, yayana ne fa."

"To ai ka huta neman samfur, ga shi a gida."

Da Gwani ya ɗan ja da maganar, da an sami abin kirkin da za a faɗa a kansa. Bai ja ba. Kafin motar darakta ta bar layin, har ya fara tunanin irin fatar da za ta fi ɗaukar waɗannan tamoji.

Ƙaryar da zai yi wa Yaya ma ba ta yi masa wahalar samu ba. Auta ta shiga makaranta, kullum tana naci sai Baba ya raka ta kamar yadda uban kowa yake yi, shi kuma Yaya rabonsa da titi da rana tun kafin a haife ta.

"Yaya, akwai wata fatar ɗan akuya da na samu, laushi kamar auduga," in ji Gwani. "In na yi maka rufi da ita, na rina shi launin jikinka, ko maƙwabci ba zai gane ba. Sai dai fa sai na ɗauki awon fuskarka."

Yaya ya ce, "Har ƙofar makaranta zan iya zuwa?"

"Har cikin aji in ka ga dama."

Yaya ya kwanta a kan benci. Gwani ya shafe masa fuska da basilin, ya soka masa bututun shan lemo a hanci don numfashi, ya dinga ɗora masa filasta irin ta ɗorin karaya. Da filastar ta fara ɗumi, Yaya ya zabura, don zafi a fuska abu ne da bai manta ba. Ya laluba ya riƙe hannun ƙaninsa. Gwani ya zare hannun, ya ce masa aiki yake. Da aka ɓamɓare abin, Yaya ya tashi yana haki, ya ce, "Allah ya bar zumunci, ƙanena."

A ɗakin ajiya Gwani ya yi sauran aikin, ƙofa a kulle. Ya zuba wata filastar cikin awon, fuskar Yaya ta fito fara fat a kan tebur. Ya jiƙa fatar saniya a ruwan ɗumi har ta saki, ya shimfiɗa a kai, ya bi kowane lungu da bayan cokali yana dannawa. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta da kara, abin da ta tarar shi take ɗauka. Leɓen ya ɗage, idon ya zazzago. Gwani ya ja da baya ya duba, daɗi ya kama shi, don bai taɓa aikin da ya kai wannan ba.

Rini ne ya ba shi wuya. Tabon ba launi ɗaya ba ne, akwai ja-ja, akwai fari-fari, akwai inda yake ƙyalli. Don haka in sun zauna cin abinci sai ya ƙura wa Yaya ido yana haddacewa. Yaya kuwa har ya gaya wa matarsa wai yaron nan ya fara iya kallonsa.

Jikin dodon kuma Yaya ne ya ɗinka shi. Ya yanka guntayen fata ya jera su kamar ɓawon kifi, inda keke ya kasa ya sa basilla, har yatsunsa suka yi kanta. In ya tambaya, "Nawa rufin fa?" sai Gwani ya ce fata ba ta bushe ba tukuna.

Ranar karɓar kaya darakta ya zo da ɗan wasan da zai shiga rigar dodon, wani zabgegen ƙato, da mai kyamara. Gwani ya so a yi gwajin a wani wuri, darakta ya ce ba shi da lokacin yawo. Aka zura wa ƙaton riga, aka kifa masa kan, da dogon gashin da aka dasa masa. Mai kyamara ya ja da baya yana salati.

Hayaniyar ta sa Yaya ya leƙo, mayafi a sauke. Yaya ya dubi dodon sama da ƙasa, sai ya tuntsire da dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba.

"Kai, Allah ya raba mu da mugun gani! Wannan ai ko uwarsa sai ta gudu. Ina ka samo wannan muni haka?"

Darakta ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Gwani ya sauke ajiyar zuciya, har da cewa, "A kaina na ƙirƙiro."

Ana haka Auta ta shigo daga makaranta, jaka tana lilo a bayanta. Ba ta ko tsaya ba, ta ruga ta rungume ƙafar dodon.

"Baba! Wa ya sa maka gashi?"

Dariyar Yaya ta tsaya a inda take. A hankali ya ɗaga hannu ya taɓa leɓensa, ya taɓa idon, ya taɓa kunnen, yana kallon na dodon ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo ya dubi ƙaninsa. Gwani ya sunkuya yana tattara zaren da bai zube ba.

Shi darakta abin nema ya samu. Ya yi wa mai kyamara alama, ya durƙusa kusa da yarinyar.

"'Yan mata, wannan ba Baba ba ne. Dodo ne, mai cin yara." Ya ɗaga kai ya ce wa ƙaton, "Yi mata."

Ƙaton ya buɗe hannuwa, ya sunkuyo da fuskar dab da tata, ya saki wani gurnani da ya girgiza kwanon rufi. Auta ta ƙwalla ƙara, jaka ta faɗi, ta juya a guje.

Yaya ya zube a gwiwa ya ware mata hannu. "Zo nan, Auta, ga ni. Ga Baba."

Ta nufo shi, saura ƙiris ta faɗa jikinsa, sai ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa. Ta ci birki. Ta sake ƙwalla wata ƙarar da ta fi ta farko, ta kauce masa, ta ruga bayan Gwani ta cusa kai cikin rigarsa.

"Baffa, ka kore shi! Ka kore su duka!"

"Madalla," in ji darakta, yana leƙa kyamara. "Gwani, aikinka ya ci."

Yaya yana nan a durƙushe, hannuwansa a ware. Da ya ga ba za ta zo ba, ya jawo mayafin ya naɗe fuskarsa har ido, ya ce da ƙaninsa a hankali, "Riƙe ta da kyau, kada ta juyo. Bari in wuce."