Direban da Bai Taɓa Tuƙi Ba

"Kar ki taɓa wannan wayar!"

Hannuna na kan soket ɗin bango, zan cire wayar kwamfutarsa, lokacin da ya daka min tsawar. Mutumin da numfashi ke gagararsa tun safe, sai ga shi ya samo muryar yi min ihu.

"To ina kake so in jona na'urar iskar? A hancina?"

"Akwai soket a kicin."

"Kicin ne ke haki ko kai?"

Ya mai da idonsa kan kwamfuta, inda wani baƙin jirgin ƙasa ke hawan dutse yana fitar da hayaƙin ƙarya. Na yi tsaki, na tsallaka gidana na kwanto doguwar wayar firjina, na jawo wuta daga kicin ɗinsa har gindin kujerarsa. Na saƙala masa robar a hanci ba tare da lallaɓawa ba. Ko sannu bai ce min ba, ni kuma dama ban sa rai ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin nas kafin in ajiye. Ƙofata na kallon tasa a hawa na biyu na benenmu, shi ya sa duk abin da ya same shi ni ake ƙwanƙwasa wa. Duk unguwa Direba ake kiransa, kuma da gatse aka laƙaba masa sunan, don bai taɓa tuƙa jirgi ba ko na taku ɗaya. Akawu ne a ofishin kaya na tashar jirgi, aikinsa auna buhu da buga hatimi. Amma in aka ce Direba sai ya waiga, har da gyara zaman kafaɗa.

Akwai wani tsohon layin dogo da a da yake hawa duwatsu. An rufe shi shekara arba'in da suka wuce, an ciccire ƙarafan an narkar. Wannan layin ne Direba ya kwashe shekara goma sha ɗaya yana sake ginawa a cikin wata manhajar wasan tuƙin jirgi. Kilomita sittin da huɗu, tashoshi tara, ramuka biyar da aka huda cikin dutse. Na haddace lissafin ne don na sha jinsa har ya gundure ni. Bangon ɗakin duk taswirori ne da tsofaffin hotuna da ya roƙo a wajen mutane. Sai ya kwana uku yana gardama da kansa a kan ko wata kwana ta cika karkata. Yana da abokai a intanet, tsofaffi marasa aikin yi irinsa, suna aiko masa da yabo. Wai wani daga wata ƙasa ya rubuto cewa gangarar bayan tasha ta huɗu babu kamarta. Ya karanta min saƙon sau uku, ina tsaye da allura a hannu.

Da wasan ne kawai, da ban damu ba. Kowa da irin haukarsa. Abin da ya sa nake jin ƙyamarsa matarsa ce.

Yaya nake kiranta, don ta girme ni da shekara shida, kuma ta riƙe ni kamar ƙanwa tun ranar da na tare a benen. Ita 'yar shugaban tashar ƙarshe ce, can ƙololuwar dutsen, a nan aka haife ta. Shekara da shekaru tana roƙonsa ya kai ta ta ga wurin. Tafiyar wuni ɗaya ce a mota. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Bari in gama, sai mu je in gwada da na gaskiyar." Wata ranar Talata da hantsi ta zame a banɗaki ta karya ƙashin ƙugu. Ta yi kusan awa biyu a kwance a kan siminti tana kiransa. Yana ɗakin da ke jikin banɗakin, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro yana jin ƙarar tururi. Ni na jiyo ta, daga gidana, ta ƙofa biyu. Ba ta sake takawa ba. Wata biyar ta yi ta rasu. Kwana tara bayan haka na ji jirgi na busa oda ta bango.

Shekara huɗu ke nan. Tun daga ranar, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a gajarce. Da huhunsa ya lalace likita ya ce saura 'yan makonni, ya ƙi zaman asibiti don ba za su bar shi ya kai teburinsa ba. Na karɓi jinyar ne saboda Yaya ta taɓa cewa, "In na riga shi, ki riƙa leƙa shi, ba ya iya ko dafa ruwa." Da bakina na amsa mata, shi ke nan na ɗaure kaina.

'Ya'yansu biyu. Babban yana wani gari, tafiyar awa huɗu, amma sai ka ce a wata yake zaune. Kullum da rana sai ya kira ni.

"Inna, ya jikin Baba? Don Allah ki riƙa turo min hoton awon jininsa safe da yamma, ina so in riƙa bibiya."

"Motarka ta lalace ne?"

"A'a, Inna, aiki ne ya yi min yawa wallahi."

"To bibiyi aikin."

Autar kuwa ranar Asabar take zuwa, ƙamshin turarenta ya riga ta hawa bene. Ta tsaya a bayan kujerarsa ta ɗauki hotonsu tare da jirgin, ta sa a waya ta rubuta wai babanta gwani ne. Da na miƙa mata kwanon fitsarinsa na ce ta zubar, sai ta tuna ta bar yara a mota.

A mako na biyu, ina ɗaura masa ƙarin ruwa, ya yi gyaran murya.

"Malama Nas."

"Miƙe hannun."

"Na iso tashar ƙarshe. Ina da hoton dandamalin, ina da na tankin ruwa. Gidan shugaban tasha ne babu. Na tambayi kowa, babu mai hotonsa." Ya ja numfashi. "Ƙofar gidan, layin take kallo ko baya?"

Na ɗago na dube shi. Wuyansa ya zama kamar na tsohon zakara, rigar barcin ta yi masa yawa.

"Ni kake tambaya?"

"Kuna yawan hira da ita."

"Shekara arba'in da ɗaya kuna gida ɗaya. Ni sha biyar na yi da ita. Ni kake tambaya inda ƙofar gidan ubanta take kallo?"

"Ta faɗa min," ya ce. "Ta sha faɗa min. Ban riƙe ba."

"Amma ka riƙe nauyin kowane tarago."

Na manna filasta da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata, na kwashe kayana na fita. Kwana biyu ina shiga ina fita, ban ce masa kanzil ba a kan maganar. Shi ma bai sake tayar da ita ba.

Rana ta uku ruwan da likita ya rubuta mai tafiya a hankali ne, dole in zauna in sa ido. Na jawo kujerar roba na zauna a gefensa da saƙata. Ya ce tunda ina zaune, zai hau da ni dutsen daga tashar farko.

"Awa nawa?"

"Uku da minti goma. Yadda na gaskiyar yake yi."

"Ba a iya gaggauta shi?"

"Ana iyawa. Amma ba daidai ba ne."

Ka ji fa. Mutumin da ya bar matarsa a kan siminti, shi ke gaya min abin da ba daidai ba.

Ya saki birki, jirgin ya tashi. Ban yi niyyar kallo ba, amma ido ba ya jin magana. Gonaki suka wuce, sannan daji, sannan dutse ya fara matsowa har ya rufe rabin sama. Ya san inda zai ƙara wuta da inda zai rage, yatsunsa ba sa kuskure. A kowace tasha sai ya tsaya minti biyu cur, ya busa oda, wai fasinja na hawa. Babu kowa a dandamalin sai wasu mutanen zane guda uku masu fuska iri ɗaya, su ne a kowace tasha. Ya nuna min wani dutse mai tsagewa a gefen hanya, ya ce mako biyu ya yi kafin ya samu tsagewar daidai. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi kyau. Wannan ne ma ya ƙara min haushi. Ashe yana da haƙuri, yana da lura, yana da kunnen sauraron ƙaramin abu. Duk yana da su, inda ya ga dama ya kai su.

Muka fito daga rami na biyar, sai ga tashar ƙarshe. Dandamali, tankin ruwa, allon suna. Daga hagu kuma wani fili a share, murabba'i, ko ciyawa babu. Ya ja birki ya bar jirgin yana huci. Bai dube ni ba.

Na daɗe ina kallon filin. Na tuna Yaya zaune a kicin ɗina tana ɓare gyaɗa, tana ba ni labarin gidan nan kamar jiya ta baro shi.

"Baya take kallo," na ce. "Uwarta ta sa aka toshe ta gaban, don tokar jirgi na ɓata mata shanya. Taga biyu ne ta wajen layin, masu koren fenti. Akwai bishiyar lemo a kusurwar dama, da benci a ƙarƙashinta inda uban ke cire takalmi."

Ya lalubi biro, hannunsa ya kasa riƙewa. Ya dube ni.

"A'a," na ce. "Wannan karon ka riƙe da kanka."

Ya shiga maimaitawa a hankali, leɓɓansa na motsi a ƙarƙashin robar: baya, taga biyu, kore, lemo a dama, benci. Sai ka ce ɗan aji ɗaya. Da ya gama ya ce, "Na gode."

"Ba don kai na faɗa ba."

"Na sani."

Kwana huɗu ya yi yana gina gidan. Abin da a da zai gama kafin shayinsa ya huce, yanzu sai ya wuni a kan bango ɗaya. Hannun ya goce, bangon ya tafi ya tsaya a tsakiyar layin dogo, ya sake jawo shi. Ya daina cin abinci, sai ruwa da cokali. Sau ɗaya ya roƙe ni in riƙe masa hannu ya daidaita taga. Na ce ni jinya na zo yi, ba birkila ba ce. Na san abin da na faɗa, kuma har yau ban janye ba.

Na kira babban ɗan na ce in yana son ya tarar da ubansa da rai ya taho yau. Ya ce yana da taro ranar Laraba, amma da an tashi zai kamo hanya.

Ranar Larabar da safe na goge wa Direba jiki, na canza masa riga. Bango huɗu sun tsaya, tagogin sun samu korensu, bishiyar na nan a dama. Rufi ne babu, da benci. Ya ce yana so ya hau daga tasha ta takwas ya ga yadda gidan ke bayyana in an fito daga rami, kafin ya ɗora rufin. Na ce ya yi abin da ya ga dama, ni zan sauka kantin magani in karɓo sirinji.

Minti ashirin na yi, don mai kantin ya tsare ni da labarin ciwon gwiwarsa. Da na dawo na tarar da shi a kujerar, kansa ya langaɓe gefe, hannun dama ya zame daga tebur yana lilo. Na taɓa wuyansa. Na jira yadda aka koya mana a jira. Sannan na shafe masa ido, na zare robar daga hancinsa, na kashe na'urar iskar. Na dubi agogo na rubuta lokacin a bayan kwalin sirinjin: goma da minti hamsin.

Na kira ɗan, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Auta, ta tura min saƙo cewa tana wajen gyaran gashi, za ta kira. Na zauna a kujerar robar, don ba a barin mamaci shi kaɗai.

Sai a lokacin na lura da jirgin. Ya fito daga ramin, ya kusa dandamali da kamar tsawon tarago uku, wutarsa ta mutu a kan hawan. Ba wanda ya ja masa birki. Ina kallo ya fara sulalewa da baya, a hankali, ƙafafunsa na ƙara ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ba rufi ya yi ta ƙanƙancewa har bakin ramin ya rufe shi. Duhu ya ɗan jima, sannan haske ya dawo. Jirgin ya ci gaba da gangarawa, ya zagaya wata kwana, ya iso wata doguwar gada inda ƙasa ta daidaita. A tsakiyarta ya rage gudu, ya ɗan yi gaba, ya ɗan yi baya, ya tsaya. Can ƙasa akwai kogi, siririn farin tururi na tashi daga gefen injin yana bin iska.